Yemi Tella: malamin da ya ci kofin duniya yana jinya

Duk yamma idan na ga yaran Ribah suna taka leda ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu, sai in tuna da Yemi Tella. Yawancinmu muna ƙanana ya rasu, shi ya sa sunansa bai cika yawo a wayoyinmu ba.

Tella malami ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, inda ake koyar da masu horar da 'yan wasa. Aka damƙa masa Golden Eaglets, 'yan ƙasa da shekara 17. A Maris 2007 suka ci kofin Afirka a Togo. Ba a jima ba likitoci suka gano yana da kansar huhu. Da wani ne da ya ajiye aikin, shi kuwa sai ya bi yaransa Koriya ta Kudu.

Ranar 9 ga Satumba, a Seoul, aka tashi canjaras babu ci da Sifaniya, Najeriya ta ci 3-0 a bugun fenariti. Cikin yaran akwai Rabi'u Ibrahim ɗan Kano, da Macauley Chrisantus mai ƙwallo bakwai.

Ranar 20 ga Oktoba ya rasu a Legas yana da shekara 56, mako shida kacal bayan wasan. Hukumar CAF ta ba shi kocin shekara bayan rasuwarsa.

Kai da ke tara yaran unguwa da usur ɗaya da tsohuwar ƙwallo, kada ka raina aikinka. Sai wani ya fara koya wa yaro, kafin irin su Tella su same shi.