Maria Montessori, likitar da ta ce a bar yaro ya yi da hannunsa

Duk uwar da ta taɓa jayayya da ɗan shekara biyu a kan cokali ko takalmi, tana son ta taimake shi, shi kuwa yana kuka sai dai ya yi da kansa, ta san abin da Maria Montessori ta share kusan shekara 50 tana nazari a kai. Wannan likita ƴar ƙasar Italiya ba ta ɗauki wannan rigima a matsayin taurin kai ba. A ganinta yaro ne ke neman tsayawa da ƙafafunsa. A kan wannan fahimta aka gina dubban makarantu da gidajen renon yara masu ɗauke da sunanta a faɗin duniya.

An haife ta ranar 31 ga watan Ogusta 1870 a garin Chiaravalle, kusa da Ancona. Mahaifinta Alessandro ma'aikacin gwamnati ne a fannin kuɗi. Mahaifiyarta Renilde Stoppani mace ce mai karatu, kuma ita ta tsaya mata duk lokacin da ta zaɓi hanyar da ba a saba ganin mata a kai ba. Iyalin sun koma Roma a 1875. Can ta shiga lakwal ta koyon fasaha da niyyar zama injiniya, daga baya ta juya ga karatun likita. A jami'a ba a yarda ta yi darasin fiɗar gawa tare da maza ba, sai ita kaɗai bayan an tashi. A 1896 ta kammala, ta shiga sahun matan farko da suka zama likitoci a Italiya.

Aiki ya kai ta gidajen masu taɓin hankali na Roma, inda ake tsare yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Wata mai kula da su ta yi mata ƙorafi cewa da sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi. Montessori ta dubi ɗakin, babu abin wasa ko ɗaya, ta gane cewa hannuwan yaran ne ke neman abin taɓawa. Ta karanta ayyukan likitocin Faransa biyu, Jean Itard da Édouard Séguin, ta yi aiki da dabarunsu a wata makaranta da aka buɗe a 1900. Wasu daga cikin yaran suka ci jarabawar gwamnati tare da yara masu lafiya. Jama'a na ta yabo, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne: me ke danne yara masu lafiya a lakwal har waɗannan suka kamo su?

A shekarun nan ne, a 1898, ta haifi ɗa namiji, Mario, ba tare da aure ba. An kai jaririn ƙauye wajen wani iyali, tana kai masa ziyara, bai dawo hannunta ba sai da ya kusa shekara 15. Matar da za ta nuna wa duniya darajar shekarun farko na yaro ba ta reni nata ɗan a cikinsu ba. Daga baya Mario ya zama babban mataimakinta har ƙarshen rayuwarta.

Ranar 6 ga watan Janairu 1907 aka buɗe Casa dei Bambini, wato Gidan Yara, a unguwar talakawa ta San Lorenzo a Roma. Masu gidajen hayar unguwar ne suka nemi a tara yaran da iyayensu ke fita aiki, don su daina ɓata bango. Aka ba ta yara kimanin 50, galibinsu daga shekara 3 zuwa 6. Ta sa aka ƙera ƙananan tebura da kujeru da yaro zai iya ɗauka, aka kawo tsintsiya da kwanon wanke hannu daidai tsayinsu, da allunan koyon ɓalla maɓalli da ɗaure igiyar takalmi.

Sauran darasin yaran ne suka ba ta. Wata rana malama ta manta ba ta kulle ma'ajiyar kayan aiki ba, aka iske kowane yaro ya zaɓi abin da yake so ya duƙufa a kai. Daga nan aka sauko da kayan kan kanta ta ƙasa. Wata yarinya ƴar kimanin shekara 3 ta maimaita jera gungumomin katako a ramukansu fiye da sau 40, hayaniyar da ke gefenta ba ta ɗauke mata hankali ba. Ranar da Montessori ta nuna musu a tsanake yadda ake fyace majina da ƙyalle, tafi suka yi mata. Kullum ana yi musu faɗa a kan majina, amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi.

Littafinta na 1909 ya bazu cikin harsuna da dama, ta je Amurka a 1913 aka tarbe ta hannu bibbiyu. Ba ta rasa masu suka ba: malamin jami'a William Kilpatrick ya fitar da littafi a 1914 yana kushe tsarin, kasuwarta ta faɗi a Amurka shekaru da yawa. A gida, Mussolini ya goya mata baya da farko, ita ma ta karɓi taimakonsa, amma suka ɓata, ta bar Italiya a 1934, aka rufe makarantunta. A Jamus ma gwamnatin Hitler ta rufe su.

A 1939 ta tafi Indiya horar da malamai, yaƙin duniya na biyu ya rutsa da ita a can har 1946. Zaman nan ya ƙara karkata hankalinta ga jarirai da ƴan tatata. Ta yaba da al'ummomin da uwa ke goya ɗanta ta shiga da shi cikin mutane, yana kallo yana saurare. A littafin da ta fitar a 1949 ta bayyana cewa daga haihuwa zuwa shekara 3 yaro na tsotse harshe da ɗabi'un gidansu ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, kuma yaye, tafiya da magana matakai ne na dogaro da kai. Taimakon da yaro bai buƙata, a cewarta, cikas ne gare shi.

A 1947 ɗalibarta Adele Costa Gnocchi ta buɗe makarantar horar da masu kula da yara ƴan ƙasa da shekara 3 a Roma. Daga wannan tushe aka samu ɗakunan da ake kira nido, wato sheƙa, na jariran da ba su fara tafiya ba, da ajin waɗanda suka fara tafiya har su kai shekara 3. A can shimfiɗar yaro na ƙasa don ya tashi da kansa. Yana zuba ruwa daga ƙaramar buta, ya goge in ya zubar, ya sa takalminsa ko da a karkace. Babba na nuna aikin sannu a hankali, ba yawan magana, sai ya ja gefe. Ƴancin yana da iyaka: ba a bari yaro ya cuci kansa ko wani, kuma abin da ya ɗauka shi zai mayar wurinsa.

Sau uku aka gabatar da sunanta don lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, a 1949, 1950 da 1951. Ta rasu ranar 6 ga watan Mayu 1952 a garin Noordwijk na ƙasar Holand, tana da shekara 81. Italiya, ƙasar da ta taɓa rufe makarantunta, ta sa hotonta a takardar kuɗi ta lira 1000 a 1990.