Lamido Zubairu, Sarkin Da Ya Hana Kamfani Ƙasa

Zubairu ɗan Modibbo Adama ne, wanda ya kafa Yola a 1841. Ya hau gadon sarautar Adamawa a 1890, bayan 'yan'uwansa Lawal da Sanda. Malami ne mai zafin zuciya, wanda ba ya son raini.

Ya tarar da Kamfanin Neja na Ingilishi, watau kakan UAC ɗin da mazauna Ikko suka sani, yana ciniki a kogin Binuwai. Turawan kamfanin suna sayen hauren giwa da ƙaro, suna sayar da yadi da gishiri. Lamido bai hana ciniki ba. Abin da ya ƙi shi ne a mallaka musu ƙasa, don ya san baƙon da ya kafa gini da tuta ba ya da niyyar tashi. Saboda haka wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, wajen Jimeta, shi ne ya zama kantinsu. Ba a manta ba dai, ƙasar nan da yake karewa ta Batawa ce kafin Fulani su ci ta.

Don ya rage ƙarfin kamfanin sai ya karɓi Mizon, wani hafsan Faransa, wanda ya ba shi igwa biyu. Amma a 1893 Ingila da Jamus suka raba Adamawa a kan takarda, ba da shawararsa ba. Yola ta faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa, har da Garwa da Ngaundare, ta faɗa rabon Jamus.

A 1901 ya umarci kamfanin ya kawar da jirginsa. Ran 2 ga Satumba na shekarar Kanar Morland ya iso da soja ta ruwa. Aka gwabza a masallaci da fada, igwogin Mizon suka yi aiki, amma Yola ta faɗi. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Zubairu bai miƙa wuya ba. Ya kara da Jamusawa a Garwa, sa'an nan a Marwa a 1902, duk ba nasara. A 1903 mutanen Lala suka kashe shi kusa da Gudu. Jimeta kuwa, inda ya hana Turawa wurin gini, nan suka kafa bariki da kantuna.