Walther Nernst: Fitilarsa ta mutu, iliminsa na nan a salansa

Ka san yadda bakanike ke murɗa kafireto yana kasa kunne? Yanzu akwai na'urar da ake ɗaurawa a salansa, ta auna oksijin a hayaƙi, ta nuna ko mai ne ya yi yawa ko iska. Tushenta Walther Nernst ne, Bajamushen da aka haifa a 1864.

A 1897 ya ƙera fitila da sinadarin zirkoniya, amma ƙwan tangistin ya kore ta daga kasuwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye 'ya'yansa maza biyu. Ya ci kyautar Nobel ta 1920, ya rasu a 1941.

Sai a 1976 na'urar Bosch, mai aiki da zirkoniyar nan da lissafinsa, ta shiga motocin Volvo. To kai fa, don aikinka bai karɓu yau ba sai ka watsar?