Tarihin Paul Ehrlich, likita mai hannun marini

Duk wadda ta taɓa kai yaro mai zafin jiki likita a Tasawa ko Mayahi ta san ɗan fallen nan da ake ɗiga wa jini, a jira minti 15 zuwa 20. In layi biyu suka fito, zazzaɓin sauro ne. Yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya share fagen wannan aiki, wato Paul Ehrlich, wani Bajamushe da ya rasu fiye da shekara ɗari.

An haife shi ranar 14 ga watan Maris 1854 a garin Strehlen, wanda yanzu ke cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa mai masaukin baƙi. A lokacin ne masana'antun Jamus suka shiga fitar da sababbin launukan rini daga kwaltar gawayi. Wani ɗan'uwansa likita, Karl Weigert, ya nuna masa yadda ake rina tsokar jiki a dube ta da madubin likita. Daga nan yaro ya kamu. Hannuwansa kullum da launi, sai ka ce ɗan marina.

Abin da ya lura da shi, duk mai sayar da yadi ya san shi: launin da ya kama auduga ba lalle ya kama ulu ba. Ehrlich ya gano haka jikin mutum yake, kowane irin ƙwaya da launin da ke manne mata. A kan wannan ya samu digirinsa na likita a 1878, kuma da shi ya rarrabe ire-iren fararen ƙwayoyin jini. Da Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a 1882, Ehrlich ya kyautata hanyar rina ta don a gan ta sarai. Rinin majina da ake yi a asibitocinmu don gano tarin fuka daga nan ya samo tushe. Shi kansa cutar ta kama shi, sai da ya tafi Masar jinya a 1888, ya komo a 1889. A 1891 kuma ya gwada wani shuɗin rini kan masu zazzaɓin sauro guda biyu a Barlin, suka samu sauƙi.

A shekarar ce ya juya kan garkuwar jiki. Ya riƙa ba ɓeraye dafin ƴaƴan zurma da na idon zakara kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa, har suka iya jure abin da zai kashe ɗan'uwansu. Amma ɓeran da ya saba da dafin zurma, in an ba shi na idon zakara, bai tsira ba. Ke nan jini na ƙera wasu dogarai, kowane da ɓarawon da ya sani, kamar makulli da kwaɗonsa. Su ne ma'aikatan lafiya ke kira antikor da Faransanci, kuma a rubutun Ehrlich na 1891 sunan ya fara fitowa. A 1892 ya nuna cewa uwa na ba jaririnta waɗannan dogarai ta nono. To iyaye mata, kun ji ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ake matsa muku kan shayarwa.

A zamanin, cutar mashaƙo na kashe yara birjik a Turai. Emil Behring ya samo magani daga ruwan jinin dabbar da aka saba wa dafin cutar, sai dai ƙarfinsa ba ya daidaita: kwalbar yau ta yi aiki, ta gobe ta gaza. Ehrlich ne ya kafa ma'auni, kamar yadda kasuwa ke yarda da tiya guda, ta yadda kowace kwalba za a san ƙarfin da ke cikinta. Kamfanin Hoechst, wanda asalinsa na rini ne, ya fara sayar da maganin a 1894. Wajen rabon riba kaso mai tsoka ya tafi ga Behring, kuma shi kaɗai aka ba kyautar Nobel a 1901. Abotarsu ta yi tsami. Ehrlich ya samu tasa kyautar a 1908. Har yau daga jinin doki ake haɗa wannan magani, kuma shi aka nema da mashaƙo ya ɓulla a Kano da kuma Matamai, maƙwabtanmu na jahar Damagaram, a 2023.

Daga 1899 ya koma birnin Faranfot, inda ya shiga neman maganin da zai manne wa ƙwayar cuta ya bar mai ita. Shi da wani Bajapane, Sahachiro Hata, suka yi ta gwaji har suka dace da haɗi mai lamba 606 a 1909. A 1910 aka fitar da shi da sunan Salvarsan, maganin tunjere na farko mai aiki. Yabo ya zo, zargi ma ya zo, domin maganin na da arsenik, wasu sun jikkata da aka yi musu allurar ba daidai ba. Shanyewar jiki ta same shi, ya rasu ranar 20 ga Agusta 1915 yana da shekara 61. Daga baya Jamus ta sa hotonsa a takardar kuɗinta ta mark 200.

Bayan rasuwarsa aka haɗa ayyukansa biyu, rini da dogaran jini. A farkon shekarun 1940 wani likitan Amurka, Albert Coons, ya liƙa wa dogaran launi mai ƙyalli, duk inda suka kama ƙwayar cuta sai wurin ya haska a madubi. A 1962 Osamu Shimomura ya ciro wani furotin mai koren haske daga wata halittar teku, aikin da ya kawo masa Nobel a 2008 tare da wasu biyu. Yanzu masu bincike kan ɗaura wannan koren furotin ga abin da suke son bi cikin jiki, kamar ƙararrawa a wuyan akuya. In hasken ya dushe, sai a aika dogaran da suka san koren furotin su nemo shi. Ana samun su daga zomo, akuya, kaza, har da dangin raƙumi na Kudancin Amurka.

Fallen gwajin zazzaɓi ma haka yake aiki: dogarai masu ɗauke da launi ne ke jeruwa su yi layi in sun tarar da alamar cutar. Saboda haka ƴan kasuwa, kafin a sayi ƙwaya a tebur, a fara zuwa gwaji. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.