Joseph Lister: likitan da ya fara yaƙi da ƙwayoyin cuta a ɗakin tiyata

Duk wanda ɗan'uwansa ya taɓa faɗuwa da kabu-kabu ya karye, aka kai shi babban asibitin Damagaram aka ce sai an sa masa ƙarfe, ya san tambayar da ke fara zuwa: shin jiki zai karɓi ƙarfen nan? A yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya buɗe wannan hanya, wato Joseph Lister.

An haifi Lister ranar 5 ga Afrilu 1827 a Upton, kusa da birnin Landan na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sha'awar gyaran madubin nan da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, saboda haka tun yana yaro ya saba da leƙen ƙananan halittu. Ya yi karatun likita a Landan, a 1853 ya tafi Edinbara ta ƙasar Sukotland wajen babban likitan fiɗa James Syme, wanda daga baya ya ba shi auren ƴarsa Agnes.

A 1860 aka naɗa shi malamin tiyata a jami'ar Gilasgo. Lokacin nan Sarki Tanimun ne ke mulkin Damagaram. An riga an samo maganin sa barci, to amma masifar tana bayan aiki. Likita ya kan shiga da rigar da jini ya bushe a kanta, ya taɓa wannan ya taɓa wancan ba wankin hannu. Kwana biyu uku sai ciwo ya fara mugunya, zazzaɓi ya rufe mutum. A ɗakunan Lister kansa, cikin mutum 35 da aka yanke wa hannu ko ƙafa, 16 sun rasu. Likitoci na cewa gurɓatacciyar iska ce.

A 1865 ya karanta binciken Bafaranshen nan Louis Pasteur, wanda ya nuna ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu ya ruɓe. Sai Lister ya yi tunani: karayar da fata ba ta tsage ba tana warkewa lafiya, wadda ƙashi ya huda fata kuwa ita ce ke ruɓewa. Ke nan cutar daga waje take shiga. Ya ji ana zuba wani sinadari mai suna kabolik a ƙazamin ruwan garin Carlisle don kashe wari, sai ya ɗauko shi.

A watan Agusta 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya taka wa ƙafa, ƙashi ya karye, fata ta tsage. A da yankewa za a yi. Lister ya wanke raunin da kabolik, ya rufe da ƙyallen da ya jiƙa a ciki, ya ɗaure. Bayan wajen mako shida yaro ya fita da ƙafafunsa biyu. A 1867 ya wallafa sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet, ya kuma sa ana wanke hannu da kayan aiki da zaren ɗinki. A shekarun da suka biyo, cikin mutum 40 da aka yi wa yanka, 6 ne suka rasu. Duk da haka manyan likitoci da yawa sun yi ta yi masa dariya, don ba su yarda abin da ba sa gani zai kashe mutum ba.

Babban gwajin ya zo a 1877, bayan ya koma Landan. Wani mutum ya fasa ƙoƙon gwiwarsa. Lister ya tsaga fatar da gangan, ya huda ƙashin, ya haɗa shi da wayar azurfa. A zamanin, buɗe lafiyayyiyar gaɓa tamkar haƙa wa mutum kabari ne. Mutumin ya warke ya yi tafiya. Daga nan likitoci suka samu ƙarfin gwiwar sa waya, daga baya kusoshi da faranti, a cikin jikin ɗan Adam.

Matarsa Agnes, wadda ta yi ta taya shi gwaje-gwaje da rubutu, ta rasu a 1893. Ba su samu haihuwa ba. Shi kuma ya rasu ranar 10 ga Fabrairu 1912 yana da shekara 84, lokacin Zinder ce hedkwatar Faransawa a Nijar.

Yaƙin da ya fara bai ƙare ba. Ƙarfe ba shi da jini, saboda haka dakarun jiki ba sa kare shi yadda suke kare nama. In ƙwayoyin cuta suka manne masa, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi wanda magani ke shan wuyar ratsawa, har a kai ga sake tiyata a cire ƙarfen. Tun farkon shekarun 1990 masu bincike a Kanada suka nuna cewa ƴar wutar lantarki mai rauni ƙwarai na taimaka wa magani ya ci ƙarfin wannan yauƙi. Ana ci gaba da gwada dabarar a ɗakunan bincike da jikin dabbobi, ba ta zama aikin yau da kullum a asibitoci ba tukuna.

Kafin ta iso, darasin Lister ne a hannunmu. In ƙashi ya huda fata, kada a cusa ƙasa ko toka ko garin magani a raunin. A rufe da ƙyalle mai tsabta a garzaya asibiti kafin a yi zancen ɗori. Wanda aka sa wa ƙarfe, in ya ga wurin ya kumbura, yana zafi ko yana fitar da ruwa, ya koma wajen likita ba jira. Ku kuma ƴan'uwa da ke Kano, Agadas ko Libiya kuna aiko da kuɗin aiki, ku riƙa tambaya ko ana zuwa wankin ciwo kuma ana shan magani har ya ƙare. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.