SAMUEL JOHNSON NA STRATFORD, LIMAMI DA MALAMIN KWALEJI

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu raba masu suna ɗaya. Akwai Samuel Johnson na Ingila wanda ya shirya ƙamus na Turanci, akwai kuma Samuel Johnson na ƙasarmu, faston Oyo, wanda ya rubuta tarihin Yarabawa. Wanda mu ke nufi a nan dabam ne. Mutumin Amurka ne, an haife shi ran 14 ga Oktoba 1696 a garin Guilford cikin ƙasar Connecticut, tun Amurka tana ƙarƙashin Sarkin Ingila.

Mutanen Connecticut na zamanin nan jikokin waɗanda su ka bar Ingila ne domin ba su yarda da mulkin bishop-bishop ba. A ekklesiyarsu, wadda a ke kira Kongirigeshan, kowace jama'a ita ke kiran fastonta, fastoci na kusa su zo su ɗora masa hannu, shi ke nan. A cikin wannan ekklesiya Johnson ya tashi, ubansa ma dikin ne. Ya shiga ƙaramar kwalejin ƙasar a Saybrook, wadda daga baya ta koma New Haven a ka sa mata suna Yale, ya gama a 1714. A lokacin nan ne wani wakilin ƙasar a Landan, Jeremiah Dummer, ya aiko wa kwalejin littattafai wajen 800. Johnson ya duƙufa a kansu. A ciki ya gamu da ilmin Newton da na Locke, ya kuma gamu da rubuce-rubucen malaman Ekklesiyar Ingila, waɗanda tun yana yaro ba ya jin labarinsu sai da mugun suna. Ya koyar a kwalejin daga 1716 zuwa 1719, sa'an nan a 1720 a ka naɗa shi fasto a West Haven.

Tun kafin haka Littafin Addu'a na Ekklesiyar Ingila ya shiga hannunsa, ya kuwa kama zuciyarsa. Ya kan ɗauko addu'o'in ciki ya yi su a gaban jama'arsa ba tare da littafi a hannu ba, su kuwa suna jin daɗi, ba su san inda su ka fito ba. Amma wata tambaya ta fi wannan nauyi. Shi da abokansa, watau Timothy Cutler shugaban kwalejin, da Daniel Browne malami a cikinta, da James Wetmore, da waɗansu fastoci uku, su ka yi ta karatu tare har su ka shiga shakka ko naɗinsu ya inganta, tun da ba bishop ne ya ɗora musu hannu ba.

Ya kyautu masu nazari su tsaya a nan su buɗe Littafi Mai Tsarki, gama kowane sashe yana da ayoyinsa. A Titus 1:5 Bulus ya bar mutum ɗaya a Karita domin ya naɗa dattawa gari gari, a 2 Timoti 1:6 kuma ya ambaci hannuwansa shi kansa. Amma a 1 Timoti 4:14 taron dattawa ne su ka ɗora hannu, a Ayyukan Manzanni 20 kuma mutanen da a ka kira dattawa a aya 17 su ne a ka kira masu kula da garke a aya 28. A cikinmu masu karanta wannan akwai 'yan Angilikan, akwai waɗanda ba su da bishop, ba kuwa nufinmu ba ne mu yanke wannan shari'a. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne abin da mutanen nan su ka yi sa'ad da lamirinsu ya hana su barci.

A watan Satumba 1722 su ka faɗi shakkarsu a fili a gaban manyan kwalejin. Ƙasa ta ruɗe. Gwamna Saltonstall da kansa ya shirya muhawara domin a komo da su. Uku su ka ja da baya. A ka sallami Cutler daga shugabanci, Johnson kuwa ya bar jama'arsa da albashinsa, yana da shekara 26. A duk faɗin Amurka babu bishop ko ɗaya, saboda haka tilas su haye teku. A watan Nuwamba Cutler da Browne da Johnson su ka shiga jirgin ruwa a Boston, Wetmore ya biyo su daga baya. A watan Maris 1723 Bishop na Norwich ya naɗa su uku ɗin a Landan. Ba a yi sati biyu ba agana ta kashe Browne, wanda shi ne babban aminin Johnson. Bai ko sami komowa gida ya yi aikin da ya sha wahala dominsa ba.

Ƙungiyar S.P.G., wadda a ka kafa a Ingila a 1701 domin yaɗa bishara a ƙasashen waje, ta aiki Johnson Stratford cikin ƙasarsa. Ran Kirsimati 1724 a ka buɗe ɗakin sujadarsu, shi ne na fari na Ekklesiyar Ingila a Connecticut. Shekara 30 ya yi a can yana hawan doki gari gari, yana kuma tara samari a gidansa yana koya musu. Ya auri wata gwauruwa, Charity Nicoll, a 1725, ta haifa masa 'ya'ya biyu maza. Sa'ad da babban masanin nan George Berkeley ya zauna a Rhode Island daga 1729 zuwa 1731, Johnson ya yi abuta da shi, ya kuma roƙe shi ya taimaki Yale. Berkeley ya ba ta gonarsa da littattafai masu yawa. Mun ga wannan abin yabo ne, gama Yale ce ta kori abokinsa. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin dakta a 1743, a 1752 kuma Benjamin Franklin ya buga masa littafinsa na falsafa domin 'yan makaranta.

A 1754 a ka kira shi New York ya shugabanci sabuwar kwaleji, Kwalejin Sarki, wadda yau ita ce Jami'ar Columbia. Ya fara a watan Yuli da almajirai 8 a ɗakin makarantar Ekklesiyar Triniti, shi kaɗai ne malami. Waɗansu manyan garin, William Livingston a gabansu, sun yi gāba da kwalejin ƙwarai, suna tsoro kada Ekklesiyar Ingila ta mallake ta. Johnson ya yi shela a jarida cewa ba za a tilasta wa kowane yaro koyarwar wata ɗarika ba, sai abin da Kirista duka su ka yarda da shi. Mutumin da ya bar kome saboda maganar bishop, shi ne ya ƙi ɗora wannan kaya a kan 'ya'yan mutane.

Amma tsoron agana bai rabu da shi ba tun mutuwar Browne. Ya karɓi aikin ne bisa sharaɗin ya fita gari duk sa'ad da cutar ta shigo. Sa'an nan ƙaramin ɗansa William ya so ya zama limami, har yanzu kuwa ba bishop a Amurka. Ya bi hanyar da ubansa ya bi, ya haye teku, a ka naɗa shi a 1756, agana ta kama shi a Landan ya mutu a watan Yuni. Daga nan Johnson ya kan gudu ya bar kwaleji a hannun ƙananan malamai, sau ɗaya har fiye da shekara guda, wannan kuwa ya raunana ta. Ba mu ɓoye wannan ba, ba mu kuma iya tsananta masa ba. Charity ta rasu a 1758. Ya sake aure a 1761, amma a farkon 1763 agana ta ɗauke matar nan ta biyu, Sarah Beach, ita ma. A shekarar nan ya sauka, Myles Cooper ya gāje shi. Akwai wani aibi kuma da ya fi wannan, wanda ba mu da uzuri a kansa: kamar manyan mutane da yawa na zamaninsa, yana da bayi baƙaƙen fata a gidansa.

Ya koma Stratford ya sake riƙon ekklesiyarsa ta dā. Da tsufansa ya koma ga Ibrananci, harshen da ya ke ƙauna tun ƙuruciya, har ya buga littafin nahawunsa a 1767. Bai kuma fasa rubuta wa shugabannin ekklesiya a Ingila ba, yana roƙo a aiko bishop, yana tuna musu cewa cikin samarin da ke hayewa neman naɗi kusan ɗaya cikin biyar ba ya komowa. Gwamnatin Ingila kuwa ba ta so ta fusata mutanen Amurka, ta yi ta jinkiri. Ya mutu ran 6 ga Janairu 1772, yana da shekara 75, bai ga biyan bukatarsa ba.

Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka limaman Connecticut su ka zaɓi Samuel Seabury su ka aike shi Landan. Bishop-bishop na Ingila ba su iya naɗa shi ba, domin doka ta ce sai ya rantse wa Sarki. Sai ya wuce Sikotilan, a ka naɗa shi a Aberdeen ran 14 ga Nuwamba 1784, ya zama bishop na fari na ekklesiyar da yanzu a ke kira Efiskofal a Amurka. A 1787 babban ɗan Johnson, William Samuel, ya sa hannu a tsarin mulkin Amurka, a shekarar nan kuma ya zama shugaban kwalejin da ubansa ya fara da yara 8.