Marigayi Alhaji Mamman Shata: Mawaƙin Da Ba Ya Kwana Da Waƙa

A kudancin ƙasar Sakkwato, watau daga Sanyinna da Tambuwal har zuwa Kebbe, kunnen jama'a ya saba da kiɗan taushi da kotso tun kaka da kakanni. Waƙar da ake girmamawa a wannan yanki ita ce irin ta makaɗan fada, wadda ake zama a tsara ta, a yi ta bi da 'yan amshi har ta zauna daram, sa'an nan a kai ta gaban sarki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wasu dattawa suka ɗauki abin wasan yara sa'ad da akwatin rediyo ya fara kawo musu muryar wani Bakatsine mai 'yan kalangai, wanda yake ƙaga waƙarsa nan take a gaban mutane. Wannan Bakatsine shi ne Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, kuma kafin ya bar duniya babu lungun da ake jin Hausa wanda muryarsa ba ta shiga ba.

An haifi Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina cikin shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, kuma gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Wannan magana ba ƙarama ba ce, domin a zamanin nan sana'a gado ce, ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga, wanda kuwa ya shiga waƙa ba tare da ya gada ba ana ganin ya zaɓi roƙo ne da gangan, ya zubar da girman gidansu. Mahaifin bai so ba ko kaɗan. An sa yaron makarantar allo kamar sauran tsararrakinsa, da ya tasa kuma ya shiga tallar goro. An ce a wajen tallar nan ya samo sunan da ya bi shi har kabari, gama in ya sayar sai ya rabar da ribar ga waɗanda ya tarar a kasuwa ko a hanya, ya komo gida hannu rabbana. Wani ɗan'uwansa ya riƙa kiransa mai shata da kuɗi, sunan ya zauna.

A dandali ya fara waƙa tare da samarin garin, don nishaɗi kawai. Da ya ga ya fi ƙarfin dandalin Musawa sai ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa mai aikin En'e wajen cinikin auduga da gyaɗa, ya riƙe shi. Daga Bakori ya riƙa fita da makaɗansa gari gari. Cikin 1952 ya yi wasa a Kano wajen bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, daga nan ne manyan birane suka san da shi. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin auduga da jirgin ƙasa da baƙi, ya zauna can kusan shekara 40.

To, a nan ya kamata mu tsaya mu duba yadda aikin nasa yake, don a nan ne bambancinsa da sauran mawaƙa. Kalangu ba kayan fada ba ne. An san shi da mahauta da 'yan dambe da wasan 'yan mata. Ganga ce mai siririn tsakiya da baki biyu, igiyoyin fata sun haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi yana rataye shi a hammata, in ya matse igiyoyin sauti ya hau, in ya sake su ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sama da karin ƙasa, kalangu yana iya bin maganar mutum har mai saurare ya gane abin da ake faɗa ba tare da an buɗe baki ba. Wannan kayan kiɗa na talakawa shi Shata ya ɗauka ya kai gaban sarakuna da gwamnoni.

Ƙungiyarsa ba ta da yawa, 'yan mutane ne da za su iya zama a zaure guda. Makaɗin faɗa irin su Narambaɗa ko Jankiɗi ko Ɗanƙwairo yana da mataimaka waɗanda suka haddace waƙa tare da shi, in ya fara ɗa sai su karɓe su ƙarasa masa. Shata bai bi wannan hanya ba. Abin da yake ba mutanensa shi ne amshi, gajeren layi guda, su kama shi su yi ta maimaitawa bisa kiɗa. Sauran duk yana bakinsa. Yana tsaye yana duban taro, wanda ya shigo, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya noƙe, da labarin da aka raɗa masa ɗazu a hanya, duk sai su faɗa cikin waƙar. Tsakanin amshi da amshi ba shi da lokacin tunani sai na numfashi ɗaya, amma a cikin wannan ɗan taƙi zai auna magana ta dace da kiɗa, ta yi ma'ana, ta kuma soki inda ya nufa. Mai karatu ya gwada yin haka na minti biyu kawai a gaban abokansa, zai san nauyin abin. Makaɗan su ma ba hutawa suke yi ba, dole kunnensu ya kasance a bakinsa, in ya ja magana su ja, in ya katse su katse.

Abin da ya biyo bayan wannan hali shi ne waƙarsa ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Bakandamiyarsa, wadda ya yi wa kansa kirari a ciki, akwai ta a ɗauka daban-daban, kowace da abin da ta ƙara da abin da ta bari. Shi da kansa bai iya ƙidaya waƙoƙinsa ba.

Wani abin lura ga ɗalibai shi ne, a cikin shekarun nan da Shata yake tashe, wasu masanan kiɗa a ƙasashen Turai suna ta faman neman hanyar kuɓuta daga takarda, gama su kiɗansu a rubuce yake, makaɗi ba ya ƙara ko ɗigo. Wani Bajamushe, Karlheinz Stockhausen, wanda ya yi aiki a ɗakin sarrafa sauti na gidan rediyon birnin Kolon, ya shirya wani kiɗa cikin 1964 na mutum shida: biyu suna bugun wani babban faifan ƙarfe suna gogarsa da tarkace iri iri, biyu suna yawo da makirfo a jikinsa, biyu kuma suna zaune gaban na'ura suna murɗa sautin yayin da yake fita. Cikin 1968 ya rubuta wa makaɗansa 'yan jimloli na umurni kurum, ya bar su su ƙaga sauran da kansu a gaban jama'a. A can an ɗauki wannan sabon abu ne mai ban tsoro, aka yi ta rubuce-rubuce a kansa. A ganina rabin abin da suke nema, watau ƙaramar ƙungiya mai sauraren juna tana ƙirƙira nan take, shi ne abincin Shata na yau da kullum. Ɗaya rabin ne bai shiga ba. Shi bai mai da na'ura kayan kiɗa ba, lasifika a wurinsa jakada ne mai kai murya nesa.

Duk da haka na'ura ta taɓa aikinsa ƙwarai. Lasifika ta sa murya guda da kalangai kaɗan suka iya cika filin da dā sai tambura. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe cikin 1962, ya kai shi gidajen da ba zai taɓa takawa ba, har da cikin kulle. Faifan garmaho ya biyo, kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa, sa'an nan kaset ya zo ya sa kowane direba da mai shayi ya mallaki Shata nasa. Amma na'ura tana da nata sharaɗi. Waƙar da aka yi don dare guda, da mutanen wannan dare, sai ta daskare a faifai, jama'a su haddace ta, har su riƙa ganin ita ce ta ainihi, sauran kuwa kuskure. Waɗanda ba a kunna musu na'ura ba kuma sun tafi tare da daren da aka yi su.

Bai ɗaure kansa ga fada guda ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da dogarai da mata, ya yi wa Umaru Ɗan Ɗanduna na Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, waƙar da har yau ake saurare. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa soja da haɗin kan ƙasa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata cikin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da kalangu. Ba kuma za a ɓoye ba, yana da zambo mai zafi wanda manya da yawa suka ji tsoro, kuma waƙar da ya yi wa mashaya ta jawo masa fushin malamai da bai gushe ba har ƙarshen ransa. Masu kare shi sukan nuna waƙoƙinsa na yabon Annabi, masu sukarsa su ce wannan ba ta wanke waccan. Gardamar tana nan.

Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma ba a nan sunansa yake ba. Ya yi aikin Hajji, ya je Ingila da Amurka. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, kuma cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai taɓa zama ajin boko ba, a kan sana'ar da mahaifinsa ya so ya raba shi da ita.

Ciwo ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, aka kai shi asibiti a Jidda, aka dawo da shi. Ya rasu ran Jumma'a 18 ga watan Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka rufe shi a can. Cikin 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.